Tunawa da Fasto Byang Kato, ɗan manomin da ya jagoranci majami'un Afirka

Mutanen Madawa da Buza da Keita sun san asibitin Galmi, wanda ke bakin hanyar Ƙwanni. Mishan ɗin da ake kira SIM ce ta buɗe shi a shekarar 1950, bayan ta kafa mazauninta na farko cikin ƙasar Nijar a Damagaram a 1924. Ita wannan mishan ta daɗe tana aiki a arewacin Nijeriya, inda majami'unta suka haɗu a 1954 suka zama ikilisiyar ECWA. Daga ɗaya cikin ƙananan makarantunta na ƙauye ne aka sami Fasto Byang Kato, wanda bai cika shekara 40 a duniya ba, amma har yau kiristocin Afirka suna cin amfanin aikinsa.

Daga gona zuwa lakwal

An haifi Byang Kato ranar 23 ga watan Yuni 1936 a Kwoi, ƙasar Jaba, kudancin jihar Kaduna ta yanzu. Iyayensa mabiya addinin gargajiya ne, kuma tun yana jariri mahaifinsa ya ƙudura shi ne zai riƙe hidimar tsafin gidansu. Wata ƴar mishan mai suna Mary Haas ita ce ta jawo shi zuwa lakwal. Mahaifin bai so haka ba, domin gona tana bukatar hannu, saboda haka yaron ya riƙa haɗa noma da karatu. Yana da shekara 12 ya ji labarin Annabi Nuhu da jirginsa cikin aji, ya karɓi addinin kirista, aka yi masa baftisma a 1948. Ya sha tsanani a gida a kan wannan, amma bai juya baya ba.

Ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja daga 1955 zuwa 1957, ya koma ƙasarsu ya zama malamin makaranta. Ba shi da takardar sakandare, ga iyali, ga albashi ɗan kaɗan. Sai ya shiga karatu ta hanyar wasiƙa, yana koyarwa da rana, yana nasa nazari bayan aiki, har ya ci jarrabawar da ta buɗe masa ƙofar wata makarantar tauhidi a birnin Landan a 1963. Daga bisani ya tafi Dallas, ƙasar Amurka, inda ya sami digirin dakta a 1974.

Maigida da iyalinsa

A 1957 ya auri Jummai, Allah ya ba su ɗiya mace guda da ƴaƴa maza biyu. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun nuna cewa, duk da yawan tafiye-tafiye, bai yi wasa da sujadar gida ba: yakan tara iyali a karanta Littafi Mai Tsarki, a yi addu'a tare. Ya riƙe cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wa'azin da fasto yake yi wa jama'a, ƴaƴansa ne ya kamata su fara ganinsa cikin halinsa.

Nauyin jama'a

A 1967 aka naɗa shi babban magatakardan ECWA. Shekarar nan ce yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke, ikilisiyar kuwa tana da mabiya a ɓangarorin biyu. Ya riƙe wannan muƙami har 1970, yana cikin masu ɗawainiyar kai agaji ga waɗanda yaƙin ya tagayyara. A 1973, wurin taron Limuru a ƙasar Kenya, aka zaɓe shi babban magatakardan ƙungiyar majami'un bishara ta Afirka da Madagaska. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. A 1974 ya yi jawabi a babban taron Lozan, ƙasar Suwis, gaban wakilai daga ƙasashe fiye da 100.

Abin da ya tsaya a kai

Zamanin nan, ƙasashen Afirka ba su daɗe da samun mulkin kai ba, mutane da yawa kuma suna cewa kiristanci addinin Turawa ne. Kato ya amsa da tarihi: addinin ya kafu a Masar da Habasha da arewacin Afirka ɗaruruwan shekaru kafin ya kai yawancin ƙasashen arewacin Turai. A ganinsa, ɗan Afirka yana iya yin sujada da harshensa, da kiɗansa, da tufafinsa, ba sai ya kwaikwayi Bature ba. Amma ya ƙi a gauraya saƙon Littafi Mai Tsarki da tsafi. Wannan shi ne jigon littafinsa Theological Pitfalls in Africa, wanda ya fito a 1975, inda ya soki ra'ayin manyan masana irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya. Wasu masana, kamar Kwame Bediako na Gana, sun ce ya tsananta wa al'adun gargajiya. Magoya bayansa kuwa suna cewa wanda ya tashi cikin gidan tsafi ya san abin da yake faɗa. Muhawarar ba ta ƙare ba.

Abin da ya fi damunsa shi ne ƙarancin ilimi tsakanin shugabannin majami'u. Ya ga masu bi suna ƙaruwa, malamai masu zurfin sani ba su ƙaruwa, kuma duk mai son karatu mai nisa sai ya ƙetare teku. Don haka ya nemi a kafa manyan makarantun tauhidi biyu cikin Afirka, ɗaya da Faransanci, ɗaya da Ingilishi.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Cikin watan Disamba 1975, bayan taron majalisar majami'un duniya da aka yi a Nairobi, ya kai iyalinsa hutu bakin teku kusa da Mombasa. Ranar 19 ga wata ruwa ya ci shi, yana da shekara 39, ya bar Jummai da ƴaƴa uku.

Bai ga makarantun da ya yi fata ba, amma an gina su. Ta Bangi, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta buɗe a 1977 domin ƙasashe masu aiki da Faransanci, ta Nairobi kuma a 1983. A 1986 Sophie de la Haye ta wallafa tarihin rayuwarsa.

Ga duk wanda ya kama alli bayan ya girma, musulmi ko kirista, akwai abin lura cikin wannan tarihi. Mai iyali ne, mai ƙaramin albashi, da ya ƙi yarda cewa lokacin karatu ya wuce shi, kuma da ya sami ilimin ya komo da shi gida domin na baya su samu a kusa.