Tsufa da ciwon gaɓoɓi: kwanciya ba magani ba ce

Ku dubi ƙauyukanmu idan damina ta faɗi. Samari da yawa sun tafi bida, wasu Kano, wasu Libiya ko Abijan, ba su dawo ba tukuna. Wa ya rage a gona? Dattijo mai shekara 60 ko 70, da tsohuwa wadda har yanzu take daka, take ɗauko icce daga daji. Da asuba dattijon nan sai ya dafa bango kafin ya miƙe, domin gwiwa ta ƙage, ƙugu ya riƙe. Amma hatsi ba ya jiran kowa, in ciyawa ta cinye gona rumbu zai kwana wofi. Sai ya aiki jikansa wurin mai tebur a sayo masa ƙwayoyi, ya haɗiye, ya saɓa hauya.

Wani kuma tasa hanyar dabam ce. Da ciwo ya matsa masa sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya kwanta, ya ce tsufa ya zo, babu sauran dabara. Bayan wata shida ko masallaci ba ya iya zuwa.

Waɗannan hanyoyi biyu duka ɓata ne. Ciwon gaɓoɓi na tsufa ba ya warkewa sarai, wannan gaskiya ce. Amma akwai yadda za a zauna da shi shekaru masu yawa, mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana amfanar gidansa.

Mene ne ke ciwo?

A bakin kowane ƙashi, inda ya haɗu da ɗan'uwansa, akwai guringuntsi mai santsi. Shi ke sa gwiwa ta lanƙwashe ba tare da ƙashi ya gogi ƙashi ba. Shekaru, da aikin ƙarfi, da tsohon targaɗe ko karaya, da nauyin jiki, suna cinye wannan guringuntsi sannu a hankali. Idan ya zaizaye sai gaɓa ta riƙa ciwo, ta riƙa ƙara in an motsa ta, wani lokaci ta kumbura. Wannan shi ne abin da mutane ke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓoɓi. Alamarsa ita ce gaɓa ta ƙage da safe, ta saki bayan an ɗan motsa, ta koma ciwo bayan an sha aiki.

Ba mu kaɗai ke fama da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 528 ke da wannan ciwo a duniya. Kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kashi 60 cikin 100 kuma mata ne. Gwiwa ita ce gaɓar da ya fi kamawa. Ciwon ƙugu kuwa, a shekarar 2020 ya taɓa mutum wajen miliyan 619.

A wurinmu ba sai an yi nisa ba wajen neman dalili. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Macen da ke ɗaukar bido mai lita 25 a ka, kilo 25 ne wuyanta da ƙugunta da gwiwoyinta suke ɗauka, kullum, tun tana budurwa. A ƙara da daka, da jan guga, da goyo. Namiji kuwa ya yi shekara 40 yana duƙe bisa kalme.

Ma'aikatan lafiya suna kiran ciwo daɗaɗɗe idan ya wuce wata 3. Irin wannan ciwo yana hana barci, rashin barci yana ƙara ciwon, damuwa kuma ta biyo baya.

Haɗarin ƙwayoyin tebur

Ƙwayoyin da ake yawo da su a tire ko a bisa keke ranar kasuwa suna kwantar da ciwo da gaske, shi ya sa mutane ke komawa gare su. Sai dai rana ta dake su, wasu sun lalace, wasu na jabu ne, mai sayarwa kuma bai san jikin mai sha ba.

Ibuprofen da diklofenak da asfirin dangi ɗaya ne. Idan tsoho ya daɗe yana shan su, musamman da yunwa, suna iya ƙwarzane masa ciki har ya riƙa zubar da jini. Suna raunana ƙoda, suna kuma ƙara hawan jini. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ke aiki cikin rana yana zufa bai sha ruwa isasshe ba. Haɗa biyu daga cikinsu lokaci guda yana ƙara ɓarna, ba ya ƙara sauƙi.

Deksametazon yana sa mutum ya ji daɗin jikinsa kwana kaɗan, fuska ta cika, har a ce ya yi ƙiba. Kumburi ne, ba lafiya ba. In an daɗe ana sha yana tayar da sukari a jini, yana sa ƙashi ya yi rauni, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Wanda ya daɗe a kansa kada ya bari farat ɗaya, ya je likita a rage masa sannu sannu.

Tramadol, wanda aka fi sani da tiramol, yana kama mutum har ya kasa aiki sai da shi. Yana kawo jiri, da faɗuwa, da ruɗewa, wani lokaci da farfaɗiya. Yana rufe bakin ciwo, mutum ya ci gaba da azabtar da gaɓar da ke neman hutu.

Maganin da ya fi sauƙin haɗari ga tsoho shi ne parasetamol na farmasi ko na likita. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce. Ana shan ɗaya ko biyu, a bar awa 6 tsakani, kada tsoho ya wuce ƙwaya 6 a yini da dare. Wanda ya rame ƙwarai ko mai ciwon hanta, sai ma'aikacin lafiya ya faɗa masa adadin da ya dace da shi. Akwai kuma maganin shafawa a gwiwa ko hannu, wanda bai kai na haɗiya wahalar da ciki ba.

Game da tsaga da ƙaho, a tuna aska ɗaya da ta taɓa jinin mutane da yawa tana iya ɗauko ciwon hanta ko sida daga wani zuwa wani. Tsaga kuwa ba ta mayar da guringuntsin da ya zaizaye.

Gaɓa tana son motsi

Ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, tsatsa ke kama ta. Guringuntsi ba shi da hanyar jini, yana samun abincinsa ne daga ruwan da ke cikin gaɓa, ruwan kuwa sai da motsi yake zagayawa. Naman cinya shi ne ke tallabe gwiwa. Tsohon da ya kwanta sati biyu kawai, naman nan yana raguwa, tashi ya ƙara yi masa wuya.

OMS tana ba tsofaffi shawarar su motsa jiki aƙalla minti 150 a sati, wato kamar minti 30 a yini, kwana 5. Ba dole a yi shi a tashi ɗaya ba. Tafiya zuwa masallaci, ko rijiya, ko gidan ɗan'uwa, duk tana cikin lissafi. Ga motsi guda uku da za a iya yi a tsakar gida:

Na ɗaya, a zauna bisa kujera ko turmin da aka kife, a miƙe ƙafa ɗaya sosai, a ƙirga zuwa 5, a sauke a hankali. A yi sau 10 ga kowace ƙafa, safe da maraice.

Na biyu, a tashi tsaye daga kujera a koma a zauna, sau 10. Wanda bai iya ba ya dafa da hannu har ƙarfi ya samu.

Na uku, a dafa bango, a ɗaga ƙafa ɗaya kaɗan, a ƙirga zuwa 10, a sauya. Wannan yana rage faɗuwa.

Ɗan ciwo a lokacin motsi ba ɓarna ba ne. Amma idan ya ƙaru ya wuce awa 2 bayan an gama, an zarce, gobe sai a rage. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin a fara, ana iya jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɗora a gaɓa kamar minti 15, a shafa man kaɗe a murza a hankali. A gwada zafin ruwan da gwiwar hannu, domin fatar tsoho ba ta da wuyar ƙonewa. Ga mazauna birni masu jiki, rage ƙiba babban magani ne: kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin wajen kilo 4 a kowane taku.

A sauya aiki, kada a bar gona

Manomi ba ya son a ce masa ya ajiye hauya, kuma ba haka muke cewa ba. Aikin ne za a auna da ƙarfin da ya rage.

A ƙasa mai rairayi, hauya mai dogon ƙota wadda ake turawa a tsaye ta fi kalme sauƙi ga ƙugu. Haka sungumi wajen shibka. A fita da sassafe, a huta kowane rabin awa a inuwa, a sha ruwa, a dawo gida kafin rana ta take. Damman hatsi da buhu, a bar wa jaki da amalanke. In za a ɗaga abu daga ƙasa, a lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu.

Akwai ayyukan da suka fi bukatar sani bisa ƙarfi: zaɓen iri, gyaran rumbu, turkar tumaki da awaki, kiwon kaji da zabi, ƴar garka kusa da gida. Sassaben zamani ma yana cikinsu. Wannan dabara ta barin toho ya girma a gona ana yi masa aski ta fara yaɗuwa a jahar Maradi tun shekarun 1980, an kuma ƙiyasta ta rayar da itatuwa a fili wajen hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar. Wuƙa da ido take bukata, da sanin wane toho ne gawo, wane ne sabara ko kalgo. Wa ya fi dattijo wannan sani? Iccen da aka sassabe kuma yana rage wa tsohuwa tafiya daji.

Gyaran gida da abinci

Faɗuwa ita ce babbar abokiyar gaban tsoho, domin karayar ƙugu tana iya kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. A share tsakar gida daga igiya, da turke, da kwanuka. A ajiye fitila kusa da shimfiɗa. A sa takalmi mai riƙe diddige. Wanda idonsa ya yi hazo a kai shi a duba, domin yanar ido ana cire ta da ɗan ƙaramin aiki, gani ya dawo.

Sanda ba abin kunya ba ce. Tsawonta ya kai wuyan hannu idan mutum yana tsaye, a riƙe ta da hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. In gwiwar dama ke ciwo, sanda tana hagu. A ɗaga wa tsoho gado da kujera, domin tashi daga tabarma yana cin gwiwa. A makewayi a kafa masa icce na dafawa, ko kafinta ya yi masa kujera mai rami. Ga salla kuwa, malamai sun bayyana cewa wanda ba ya iya tsayuwa an yi masa sauƙi ya yi a zaune.

Tsoho yana bukatar abinci mai gina jiki kamar yadda yaro ke bukata. Fura tsurarta ba ta isa ba. A ba shi nono, wake, gujiya, ƙwai, ƙananan kifi, miyar kuka da zogala. In haƙora sun zube a tausasa masa. A rage gishiri, da kanwa, da dunƙulen miya na kanti, saboda hawan jini. Gishirin yini ɗaya kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda.

Alamun da ba a jira da su

Ba kowane ciwo ne na tsufa ba. A kai mutum likita ba tare da jinkiri ba idan gaɓa ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko ciwon baya ya zo da rama da zufar dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma yana da magani. Haka idan ƙafafu suka mutu, ko fitsari da bayan gida suka riƙa kuɓucewa, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko mutum ya faɗi ya kasa tsayuwa. Idan baki ya karkace ko ɓarin jiki ya saki, a tafi nan take. Tafin ƙafa mai zugi ko mai mutuwa yana iya zama alamar ciwon sukari. Duk wanda ya manyanta ya riƙa zuwa ana auna masa jini ko da ba ya jin kome. In za a je likita, a tafi da dukan ƙwayoyin da yake sha, har da na tebur, a nuna wa ma'aikacin lafiya ba tare da ɓoyewa ba.

Kira ga ƴaƴa da jikoki

Ku da ke bida, in kun aiko da kuɗi, ku ware na ƴan ƙwadago domin noman farko, kada uba ya biya da gwiwarsa. Ku da ke gida, ku karɓi bido da taɓarya daga hannun tsohuwa, ku kai hatsi injin niƙa, amma ku bar mata tsince wake, da kaɗi, da jan kunnen jikoki. Kada ku ce wa dattijo: «Baba, kai dai kwanta.» Ku ce: «Baba, taso mu je ka duba mana gonar.» Ku raka shi majalisar tsaransa, ku nemi shawararsa a kan iri da lokacin shibka. Kaɗaici yana ƙara nauyin ciwo, hira tana rage shi. Idan kun ga ya daina cin abinci, ya daina magana, yana yawan cewa ya zama kaya, wannan ma ciwo ne, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa iyayensa wannan shafi yau da dare, gobe da safe ku gwada motsin nan uku tare. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.