Baƙin Allo a Kurmin Mashi

(Kiɗan buɗe shiri, sai a sassauta shi)

Yau a Kurmin Mashi shirin namu ya yada zango, nan arewa da kogin Kaduna, inda babbar hanyar Nnamdi Azikiwe, wadda aka fi sani da Bayafas, ta bi ta gefen unguwa. Duk mai bin hanyar nan ya san kanikawan da ke bakinta. Ka tsaya ka kalli bakanike yana zaɓen sifana a kasuwa: ba ruwansa da ƙyallinta, noti zai ɗauko ya gwada ya ga ko ta kama. Ku riƙe wannan a rai, domin irin cinikin da za mu yi ke nan yau, sai dai namu a cikin kwamfuta ne.

A lungunan unguwannin Kaduna akwai samari da 'yan mata masu koyon rubuta manhaja. Wasu ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ne, wasu na Jami'ar Jihar Kaduna, wasu kuwa a waya suka koya, da datar da suka yi tanadi. In ka leƙa kwamfutar ɗayansu sai ka ga baƙin allo, ba hoto ba ado, rubutu ne kawai ke gudu. Uwa ta gani ta ce kwamfutar ta lalace, uba ya gani ya fara tunanin ko yaron ya bi 'yan damfara. Ku kwantar da hankali, Baba da Inna. Sunan abin taminal, kuma sana'a ce halal.

Taminal taga ce. Ka rubuta umarni ka miƙa ta tagar, a bayanta akwai ɗan aike da ake kira shel, irin su Bash da Zsh da PowerShell, shi ne zai karɓa ya je ya aikata ya kawo maka amsa. Masu koyo da yawa kan haɗa biyun, su yi ta canza taga alhali da ɗan aiken suke da matsala.

Da can taminal na'ura ce ta gaske, allo da madannai, an ja mata waya zuwa wata ƙatuwar kwamfuta a wani ɗakin. Wadda ta fi suna ita ce VT100, ta kamfanin DEC na Amurka, da ta fito a 1978. Layi 24 take nunawa, kowane layi harafi 80, tamanin ɗin kuma gado ne daga katin ɓula na IBM na 1928. Na'urar ta daɗe da shiga tarihi, amma manhajojin yau kwaikwayonta suke yi, shi ya sa har gobe da yawansu in ka buɗe su a wannan awon suke bayyana.

To wacce za a ɗauka? Kasuwar a cike take. Akwai xterm, tsohuwar da ke nan tun 1984. Akwai PuTTY da Simon Tatham ya fitar a 1999. Microsoft ta kawo Windows Terminal a 2020, masu Mac na da iTerm2. Sai 'yan baya-bayan nan masu ɗora aikin zana haruffa a kan katin hoto don su yi sauri: Alacritty, da kitty ta Kovid Goyal, da WezTerm, da Ghostty wadda Mitchell Hashimoto ya saki a Disambar 2024. Kowacce da kirarinta. Wannan ta raba allo gida huɗu, waccan ta nuna hoto a tsakiyar rubutu, wata ta bar ka ka bincika duk abin da ya wuce sama tun safe.

Ni dai a ganina, waɗanda suka rubuta wannan kirari ba a kan kwamfutar Kurmin Mashi suka gwada ba. Tamu 'yar Beljiyam ce, ta sha hannu kafin ta iso, ram ɗinta gig huɗu, batirin in ya yi minti arba'in sai godiya. Kitty, alal misali, tana son katin hoto na zamani, tsohuwar kwamfuta kuwa sai ta ƙi buɗe ta sam. Windows Terminal ba ta hawa kan Windows 7. Hyper kyakkyawa ce, amma a kan injin burauza aka gina ta, ram take ci kamar ba gobe. A irin wannan hali, taminal ɗin da ta zo da Linux ɗinka, ko GNOME Terminal ko Konsole ko ta Xfce, tana da shafuka da raba aiki daidai gwargwado, kuma ba ta wahalar da inji. Wanda ba shi da kwamfuta ma akwai Termux a wayar Android, ya fara koyo kafin Allah ya hore.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu ga gwajin da babu mai yi mana shi sai mu. Buɗe taminal ɗin ka rubuta ƙanƙara, ɗanɗano, ɓarawo. In ka ga ƙananan akwatuna ko alamar tambaya a gurbin haruffa masu lanƙwasa, to akwai gyara. Ko dai ba a saita ta kan UTF-8 ba, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙira a 1992, ko kuma salon haruffan da aka ɗora mata bai san da zamanmu ba. Sauya shi zuwa DejaVu Sans Mono ko Noto Sans Mono, galibi shi ke nan. Kada a raina wannan. Mai tattara sunayen ɗaliban makaranta, ko mai aikin ƙamus, in allonsa bai bambance kafa da ƙafa ba, ɓarna zai yi bai sani ba. Mai aiki da ajami kuwa nasa ya fi tsauri, don rubutun daga dama yake tafiya zuwa hagu, haruffan kuma a manne. Konsole da mlterm sun daɗe da iya wannan, GNOME Terminal ta bi sahu a 2019. Alacritty, duk saurinta, ba ta iya ba.

Sai babbar maganar, wato yankewar sabis. Yawancin aikin kuɗi a wannan fanni a kan wata kwamfuta ake yin sa, saba, wadda wasu ke kira uwar garke, tana can Legas ko Jamus, kai kana nan kana ba ta umarni ta hanyar SSH. Ka sa aikin awa biyu, ya yi nisa, sai a ɗauke wuta, ko data ta ƙare, ko sabis ya yi ƙasa don hadari ya taso. Haɗin ya tsinke, aikin ya mutu tare da shi. Na ga wanda wannan ta sa ya rufe kwamfuta ya fita shan iska, ba ya ko amsa gaisuwa.

Maganin ba a jikin tagar yake ba. Wata ƙaramar manhaja ce, tmux, da Nicholas Marriott ya rubuta a 2007, kuma tana da yaya, GNU Screen, tun 1987. A kan sabar ake kunna ta, sannan a fara aiki a cikinta. Ko haɗinka ya yanke, ita tana can tana ci gaba. Raba allon nan da ake ta yi wa kirari ma tana yi, a cikin kowace irin taminal, har tsohuwar PuTTY. In ka haɗa ta da Mosh, wadda ta fito daga jami'ar MIT a 2012, to ko ka sauya daga layin waya ɗaya zuwa wani, da kanta za ta sake ƙulla zancen.

Amma a kula, kada gobe a ce a rediyo aka ji. In a kan kwamfutarka ta gida ka kunna tmux, batir ya mutu, ita ma ta mutu. Sai a kan saba take yin wannan rana. Can kuwa, ko da asuba aka kawo wuta, ka shiga, ka rubuta kalma biyu, tmux attach, sai allon ya dawo da aikinka, wataƙila ma ya gama tun kana barci.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.