Aïcha Macky: ƴar Damagaram da ke ɗaukar fim kan abin da ake jin kunyar faɗa

A ƙauyuka irin su Guci, da garuruwan Magariya da Dungas, idan aka ce fim, abin da ke zuwa zuciyar yawancin jama'a shi ne finafinan Kano da ake turawa a waya: soyayya, waƙa da rawa. Amma jihar Damagaram tana da tata mai ba da umarni wadda aka sani a ƙasashen waje, kuma aikinta ya sha bamban da wancan. Sunanta Aïcha Macky. Ba ta ɗaukar ƴan wasa. Mutane na gaske take bi da kyamara, suna faɗin rayuwarsu da bakinsu.

An haife ta a birnin Zinder a shekarar 1982. Ta karanci ilimin zamantakewa a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, daga nan ta wuce jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis a ƙasar Senegal, inda ta koyi shirya finafinan labarin gaskiya. Wannan karatu biyu shi ya tsara hanyarta: tana zaɓen matsalar da al'umma ke rufewa, ta zauna da masu fama da ita har su saki jiki.

Da kanta ta fara. Gajeren fim ɗinta na 2011, "Moi et ma maigreur", ya yi magana ne kan ramarta da yadda mutane ke kallon mace siririya. A 2013 ta fitar da "Savoir faire le lit", kan shirun da ke tsakanin uwa da ɗiya game da zaman aure.

Fim ɗin da ya fito da ita shi ne "L'arbre sans fruit" na 2016, wato itacen da ba ya ƴaƴa. A lokacin, Aïcha matar aure ce da ba ta samu haihuwa ba, kuma mahaifiyarta ta rasu ne wajen haihuwa. A cikin fim ɗin tana magana da marigayiyar, tana kuma sauraron wasu matan da ke cikin irin halinta. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi yawan haihuwa a duniya. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kowace mace na haihuwar ƴaƴa 7,6 a matsakaici. A irin wannan wuri, wadda ba ta haihu ba ita ake ɗora wa laifi, a kira ta juya, a yi mata kishiya ko a sake ta, alhali likitoci sun tabbatar matsalar kan iya fitowa daga wajen miji. Fim ɗin ya lashe kyautar fim ɗin gaskiya mafi kyau a gasar AMAA ta Najeriya a wannan shekara.

A 2021 ta koma garinsu da fim mai suna "Zinder". Ta shiga unguwar Kara-Kara, wadda tun asali wurin zaman kutare ce da aka ware daga gari, inda ƙungiyoyin matasa da ake kira "palais" suka yi ƙarfi. Mai kallo yana haɗuwa da Siniya Boy, wanda ke ɗaga ƙarfe da abokansa yana burin kafa kamfanin gadi; da Bawo, tsohon shugaban ƙungiya da ya koma ɗan kabu-kabu yana nadamar abin da ya aikata; da Ramsess, mai shigo da man fetur ta ɓarauniyar hanya daga Najeriya. Fim ɗin bai wanke su daga laifi ba. Ya dai nuna tushen lamarin: rashin makaranta, rashin aiki, da ƙyamar da aka gada daga iyaye.

Mazauna kan iyaka ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. Kwalaben mai a bakin hanya sana'a ce da ta daɗe tana riƙe gidaje da yawa a Magariya da Dungas, duk da matatar SORAZ da aka buɗe a jihar a 2011. Da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ribar wannan sana'a ta ragu, tambayar da fim ɗin ya yi kuma ta ƙara nauyi: ina matashin da bai yi karatu ba zai samu abin yi?

An fara nuna "Zinder" a bikin Visions du Réel na ƙasar Suwizalan, sannan aka karrama shi a FESPACO na Wagadugu a watan Oktoban 2021. A wannan biki ne ɗan Nijar Oumarou Ganda ya zama na farko da ya ɗauki babbar kyautar Yennenga a 1972, don haka Aïcha ta gaji suna mai nauyi.

Sauran aiki shi ne finafinan su isa ga masu labarin. Mutanen da ke cikin "Zinder" da Hausa suke magana, kuma matar da ake yi wa gori a gidan miji a Guci ta fi ɗan kallon Turai buƙatar jin cewa ba ita kaɗai ba ce.