Yadda ake zaɓo fayiloli da jerin sunaye a Termux

Mai ɗaukar hoto da waya ya dawo daga biki da hotuna 900, sai dangin amarya suka turo masa sunayen guda 60 da suke so a wanke. Binsu ɗaya bayan ɗaya da yatsa zai ci masa awa guda, kuma da wuya a gama ba a tsallake wani ba. Manhajar Termux, wadda ke kawo Bash na Linux cikin wayar Android, tana gama aikin cikin 'yan daƙiƙu.

Bayan an sauke ta daga F-Droid, ana rubuta `termux-setup-storage` don ta samu izinin shiga ma'ajiyar waya. Sai a adana sunayen a fayil ɗin jeri.txt, kowane suna a layinsa, a ajiye shi cikin foldar hotunan:

```
cd ~/storage/dcim/Camera
mkdir ~/storage/shared/zababbu
while IFS= read -r suna; do
  cp -- "$suna" ~/storage/shared/zababbu/
done < jeri.txt
```

Umarnin yana karanta layi ɗaya, ya kwafi fayil mai wannan suna, sannan ya wuce na gaba. Wanda bai samu ba zai faɗa a allo.

Akwai gajeriyar hanya da ta yaɗu, wato `cp $(cat jeri.txt)`, amma tana da tarko. Bash yana yanka rubutu a duk inda ya ga tazara, don haka "Ranar kamu 1.jpg" zai zama sunaye uku da babu su. Hotunan da aka sauke daga WhatsApp a kwamfuta kuwa galibi da tazara suke zuwa. Alamun zancen da suka kewaye `$suna` su ne ke hana wannan.

Idan a Windows aka rubuta jerin, kowane layi yana ƙarewa da wani ɓoyayyen harafi, sai Termux ta ce babu ko fayil ɗaya alhali ga su nan. `tr -d '\r' < jeri.txt > sabo.txt` yana share shi. Haka nan a latsa Enter bayan sunan ƙarshe, in ba haka ba `read` zai bar shi.

Gara a tsaya kan `cp` a bar `mv`. Shi `mv` ɗauke fayil yake yi daga wurinsa, kuma idan ya tarar da mai irin sunansa zai danne shi ba tare da tambaya ba, babu kwandon shara da za a je a dawo da shi.