Mai Koyon Jinya Yakan Fara da Sanin Jiki

Iyaye sukan yi mamaki. Sun aika 'yarsu makarantar jinya, ga ta tana haddace sunayen ƙasusuwa 206, ba ta taɓa allura ba tukuna. Ga dalili: wanda bai san lafiyayyen jiki ba, ba zai gane marar lafiya ba.

Mu ɗauki zawo. Fiye da rabin jikin yaro ruwa ne, zawo kuwa yana tsiyaye shi. Ɗaliba takan koyi cewa hanji yana saurin tsotse gishiri da ruwa idan akwai sukari tare. Saboda haka in ta ga idanun jariri sun zurma, maɗiga ta loɓa, nan da nan sai ta haɗa ruwan gishiri da sukari, ta ceci ransa.

Ku ƙarfafa 'ya'yanku, ku yi musu addu'a. Luka ma, marubucin Bishara, likita ne.