Motar Wasa Mai Rimot Da Yadda Ake Kula Da Batirinta

Ina jin da wuya a sami wani a cikinmu, musamman mu 'yan cikin birni, wanda bai taɓa jan motar langa-langa ko ta kara a lungu ba. To, yanzu zamani ya kawo wata irin mota wadda ba a ɗaura mata zare, sai dai yaro ya tsaya daga nesa yana matsa rimot, ita kuwa tana ta sheƙa gudu. Irinta kawuna ya sayo mini a Kasuwar Sabon Gari da Ƙaramar Salla. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, batirin wannan mota saura ƙiris ya ƙona mana ɗaki a gidanmu da ke Yakasai, kuma na tabbata akwai irinsa a gidajenku, in ba a mota ba to a waya ko a cocilan.

Ga yadda abin ya faru. Ranar da hutu ya ƙare na yi ta wasa da motar har ta tsaya cik, na jefa ta cikin akwatin ƙarfe, na taho makaranta. Wata uku tana nan, ga shi lokacin bazara ne, ɗakin kuma rufin kwano. Da na koma gida na sa ta caji, ta ƙi. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai wayarka ce ba ta da ƙarfi." Ina fita sai ya ɗauko abin cajin wata babbar fitila ya haɗa, ya ajiye a kan katifa, ya tafi ƙwallo. Allah ya sa Inna ta ji wani irin wari ta leƙa. Ko da ta duba, batiri ya kumbura kamar fanke, ba ya taɓuwa don zafi. Ta zare wayar, ta sa muciya ta turo shi tsakar gida. Na sha faɗa ran nan, kuma ban ga laifinta ba.

Da na dawo makaranta na kai wa malaminmu na kimiyya labari, shi ne ya buɗe mini ido. Ashe batiran da ake yi wa caji ba iri ɗaya ba ne. Akwai na dalma, irin na manyan motoci da wasu fitilu, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859. Akwai na nikel, wanda Waldemar Jungner na ƙasar Suwidin ya fara yin irinsa a 1899. Kowane ƙwaya ɗaya na nikel bolt 1.2 yake bayarwa, saboda haka in ka ga an rubuta 4.8V a jikin ƙunshin batirin motarka, ƙwaya huɗu ne aka jera aka naɗe da leda. Sai kuma na litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991, har aka ba mutum uku da suka yi aikinsa kyautar Nobel a 2019. Nawa irin wannan na ƙarshe ne. Ya fi sauran rashin nauyi da riƙe wuta, amma fa ya fi su saurin fushi.

Lambobi biyu ake rubutawa a jikin batiri, kuma ya kamata kowa ya iya karanta su. Bolt kamar ƙarfin ruwa ne a bakin famfo, mAh kuwa kamar girman randar da ake tarawa ne. Batirina 3.7V ne, 1200 mAh, wayar cajinsa kuma 500 mA take turawa. In ka raba 1200 da 500 za ka sami awa 2.4. Da yake cajin yakan rage gudu in ya kusa cika, sai a ce wajen awa 3. Ka ga ke nan ba dalilin barinsa ya kwana a jikin soket.

Ƙwayar litiyam tana cika ne a bolt 4.2, ba ta kuma son ta sauka ƙasa da bolt 3. A cikinta akwai falle biyu da aka naɗe tare, da wata 'yar fata a tsakaninsu wadda ba ta kai takarda kauri ba, ita ke hana su haɗuwa. In aka ɗura wa batiri wutar da ta wuce bolt 4.2, sai ruwan cikinsa ya fara lalacewa yana fid da iska, kumburin ke nan. In zafi ya yi yawa fatar nan ta narke, fallayen suka haɗu, sai wuta ta tashi, irin wadda ke da wuyar kashewa. In kuma aka bar shi ba komai a ciki wata da watanni, yakan ci gaba da zuƙewa har tagullar da ke ciki ta fara narkewa, daga nan yi masa caji ya zama haɗari. Kun ga ni na fara kashe shi, ƙanena ya zo ya ƙarasa.

Akwai wata magana da manya ke yawan faɗi, wai kada a sa batiri caji sai ya ƙare ƙaf. Kawuna ma haka ya gaya mini ranar da ya ba ni motar. Maganar tana da asali, domin tsofaffin batiran nikel da kadmiyam sukan so a juye su sosai jifa-jifa. Amma ga na litiyam wannan shawara guba ce. Da ka ga mota ta fara jan ƙafa, tsaya, ka bar batirin ya huce kamar minti 15, sannan ka sa shi caji da wayarsa ta asali. Kada a ɗora shi a kan katifa ko tabarma ko kusa da labule. Ni yanzu a cikin kasko nake sa nawa, a kan daɓen siminti, inda idona ke kai. In an ɗauke wuta kuma nakan zare, domin wani lokaci takan dawo da ƙarfin da ya wuce kima.

Zafin Kano shi ma abokin gaba ne. A watan Afrilu yakan kai digiri 40, cikin akwatin ƙarfe kuwa ya fi haka, zafi kuma yana tsufar da batiri ko ba a aiki da shi. Da hunturu kuma ƙura ke shiga ƙafafun motar ta riƙe su, injin ya riƙa jan wuta fiye da ƙa'ida. Tsohon buroshin haƙori ya isa maganin wannan.

Batirin da ya kumbura ya gama aiki. Kada a huda shi da ƙusa wai don iskar ta fita, kada a jefa shi a murhu, ko a bolar da ake cinna wa wuta, balle a rijiya ko kwata, domin dalma da kadmiyam dafi ne ga mutum da dabba. Namu mun binne shi cikin gwangwanin yashi a bayan zaure na 'yan kwanaki, sannan muka kai wa wani mai gyaran rediyo a unguwarmu da ke tara irinsu.

Sabon da na saya da kuɗin barka da Salla, kafin in taho wannan zangon na yi masa caji zuwa wajen rabi, wato kamar bolt 3.8, domin a nan litiyam ya fi daɗewa in za a ajiye shi. Na cire shi daga cikin motar, na rufe bakin wayoyinsa da salatif don kada su taɓa juna, na sa shi cikin wata 'yar tukunyar ƙasa a soron Baba, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Batiran rimot ma na cire su, don kada su yi ruwa su cinye ƙarfen. Motar kuwa Inna ta kulle ta a adakarta, ta ce ƙanena ba zai gan ta ba sai na dawo hutu.