Tashe da Abin da Ke Ɓoye Cikin Waƙoƙinsa

A garin Utai, cikin ƙasar Wudil, kamar sauran garuruwan ƙasar Kano, akwai wata al'ada wadda yara kan yi ɗokin zuwanta tun ba a ga watan azumi ba. Idan wata ya kwana goma, aka sha ruwa, aka idar da sallar asham, sai su fito ƙungiya ƙungiya, maza daban, mata daban, su riƙa bi gida gida suna wasa da waƙa. Masu gida kuwa su ba su abin da ya sawwaƙa, wani gero, wani dawa, wani 'yan kuɗi. Wannan shi ake kira tashe. Akan yi shi cikin goman tsakiya na watan, gama goman ƙarshe an keɓe shi domin ibada.

Sunan nan ya fito daga kalmar tashi. A zamanin da babu agogo mai ƙararrawa, babu lasifika a masallaci. Mai azumi kuwa in barci ya sace shi har alfijir ya keto, to, ya rasa sahur ke nan, sai ya wuni da yunwa. Saboda haka waɗansu samari kan zaga gari cikin dare suna kiɗa, suna tashin mutane. Masana al'adun Hausa sun ce daga nan tashe ya samo asali. Wanda aka tasa daga barci ba ya rasa jin haushi, don haka masu tashin suka riƙa haɗawa da waƙa da ban dariya. A kwana a tashi wasan ya dawo farkon dare, ya faɗa hannun yara. Tun da yake tashe ɗan azumi ne, ba zai girmi Musulunci a ƙasar nan ba. Littafin Tarihin Kano ya nuna Wangarawa ne suka zo da addinin daga ƙasar Mali, a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385.

Baƙon da ya tsaya kallon tashe zai ɗauka shirme ne kawai na yara. Alhali kuwa kusan kowace waƙa tana ɗauke da wata magana a ƙarƙashinta, irin wadda yaro ba shi da ikon faɗa wa babba da rana tsaka.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar wasan malami. Akan sami yaro guda a naɗa masa rawani, a liƙa masa gemun auduga, a ba shi allo da carbi, ya rataya buzu. Sauran yara su kewaye shi suna waƙa, suna zarginsa da cewa an gan shi yana rawa. Shi kuwa sai ya ɓata rai, ya musa. Su sake zarginsa, ya sake musawa. Daga nan sai ya ce bari ya gwada musu ɗan abin da ya yi, don su tabbata ba rawa ba ce. Wajen gwadawar nan sai ga malam ya cashe, gemu na kaɗawa, rawani na warwarewa, bakinsa kuwa bai fasa musu ba. Mutanen gida su yi ta dariya har da riƙe ciki.

To, ba da malaman kirki ake ba, gama Bahaushe ba ya wasa da darajar mai ilimi. Da wanda ake shi ne mutumin da ke hana jama'a abu da bakinsa, shi kuwa yana aikatawa a ɓoye. Irin wannan mutum ana samunsa cikin malamai, ana samunsa cikin 'yan kasuwa da masu sarauta. Da yaro zai tari dattijo a zaure ya gaya masa haka, da ya sha bulala, a kuma ce ba shi da kunya. Amma da yake cikin waƙa ne, a bakin yara, cikin dare, sai maganar ta shige ba wanda ya riƙe ta da zafi. Mai yiwuwa ma wanda aka yi dominsa yana cikin masu dariya, har ya ba da sadaka.

Akwai kuma wasan tsoho, inda yaro kan sa tsumma, ya ranƙwafa, ya dogara sanda yana tari, 'yan'uwansa na roƙon a taimake shi. Wannan tuni ne ga masu hali, kada su manta da tsofaffin unguwa waɗanda ƙarfinsu ya ƙare. 'Yan mata su ma suna da nasu, watau wasan Mairama da Daudu. Yarinya ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta lulluɓe ta zama amarya, sauran suna koya mata yadda ake zaman gidan aure. Wasan Jatau mai magani kuwa wata makaranta ce. Yaro kan rataya burgami kamar boka, yana jero sunayen itatuwa da saiwoyin da ake magani da su. Ta haka yaron da bai taɓa shiga daji ba ya kan haddace sunayen tun yana ƙarami.

Tashen manya shi ne na gwauro. Gwauro shi ne namijin da ya taɓa aure amma yanzu ba shi da mata, dabam da tuzuru wanda ya isa aure bai taɓa yi ba. A birnin Kano akwai sarkin gwagware, ana ce da shi Nalako. Bisa al'ada shi da jama'arsa kan kamo gwauro, su ɗaura masa igiya, su rataya masa ludayi da sauran tarkacen girki, su zaga da shi da kiɗa. Kayan girkin nan su ne maganar: ga mutumin da ke dafa wa kansa sahur, lokaci ya yi da zai nemi mata. Tashe ya ja baya ƙwarai a zamanin nan, musamman a birni, inda ɓata-gari suka riƙa fakewa da shi suna ƙwace. A shekarar 2025 har 'yan sanda suka hana yin sa a Kano saboda wannan dalili.

Sai dai neman ɓoyayyar ma'ana cikin waƙar yara yana bukatar lura. Ta waƙoƙin tashe ana ganinta da ido cikin wasan, ga gemu, ga igiya, ga ludayi. Amma akwai ma'anar da mutane kan ƙaga daga baya su liƙa wa waƙa, kamar yadda ya faru a ƙasar Ingila.

Yaran Ingila suna da wata tsohuwar waƙa. Sukan kama hannun juna su yi da'ira, suna zagayawa suna ambaton furanni, sa'an nan su yi kamar atishawa, kana su zube ƙasa gaba ɗaya. Mutane da yawa sun gaskata cewa waƙar tana ba da labarin babbar annobar da ta faɗa wa birnin Landan a 1665, wadda ta hallaka dubban mutane. Suka ce da'irar ita ce jan tabon da ke fitowa a jikin majiyyaci, furannin su ne waɗanda ake riƙewa don tsoron cutar, atishawa alamar kamuwa, faɗuwa kuwa mutuwa. Labarin ya yi daɗin ji, ya bazu ko'ina, har cikin littattafai.

Da masana suka bincika, sai suka tarar ba a buga waƙar cikin littafi a Ingila ba sai 1881, a littafin wata mai zane, Kate Greenaway, watau shekara 216 bayan annobar. Fassarar annobar kanta kuwa ba a fara jin ta ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945. Wani miji da matarsa, Peter da Iona Opie, waɗanda suka fitar da babban littafin waƙoƙin yaran Ingila a 1951, ba su amince da ita ba. A waɗansu garuruwa ma waƙar ba ta da atishawa ko kaɗan, abin da ake kira faɗuwa kuwa rusunawa ce ta gaisuwa, irin wadda masu rawa kan yi idan kiɗa ya tsaya.